Cuta Ta Fara Ƙin Jin Magani: Me Za Mu Yi a Babban Giji?

A wannan fitowa mun ga ya kamata mu ajiye sauran batutuwa tukuna, mu yi magana a kan wani abu da yake cikin kowane gida namu, amma ba mu cika ɗaukarsa da nauyi ba. Muna nufin yadda muke sha da kuma ba 'ya'yanmu magani, musamman irin wanda muke kira kafso, da sirof ɗin yara, da allurar da ake yi mana a kyamis.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban kyamis a Babban Giji ko Gyadi-Gyadi da almuru ya san irin wannan hira. Uwa ce za ta zo da goyo a baya.

"Malam, sannu da aiki. Yaron nan tun jiya yake mura da tari, jikinsa kuma da ɗumi. A haɗa mini magani."

"Na nawa za a haɗa, Mama?"

"Ɗari biyar ce a hannuna, a yi mini na daidai ita."

Sai a ɓallo wannan, a ɓallo wancan, a ƙulle a leda a miƙa mata. Ba a kwance goyon ba, balle a duba maƙogwaron yaron. Bayan kwana biyu yaro ya warware, uwa ta gode wa Allah, sauran maganin kuma a jefa cikin kwano a ajiye, sai ranar da wansa zai yi zawo a ɗauko a ba shi.

Ba mu kawo wannan domin mu kushe uwar nan ko mai kyamis ba. Mu da muke rubutun nan ma mun yi haka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun kawo shi ne domin a irin wannan ƙaramar hira ce, wadda ake maimaitawa sau dubbai kowace rana a birnin Kano, magungunan da suka ceci iyayenmu suke rasa ƙarfinsu. Ra'ayinmu kuwa shi ne, gyaran wannan al'amari ba zai zo daga Abuja kaɗai ba. Sai an yi shi gida-gida, maƙwabci da maƙwabci, kuma muna da rabonmu a cikin aikin.

MENE NE ƘIN JIN MAGANI?

Cututtuka da yawa, kamar taifot, da ciwon huhu, da ciwon fitsari, da ruɓewar miki, wasu ƙananan halittu ne masu rai suke kawo su, waɗanda ido ba ya iya gani, ana kiransu bakteriya. Magungunan da suke kashe su su ne antibayotik: Amoxil, Ampiclox, Septrin, Cipro, kafson nan ja da rawaya, da sauransu.

Manoma a cikinmu za su fi kowa saurin ganewa. Sun san maganin feshin da ya kashe tsutsa bara, bana sai a fesa ta yi kamar an yi mata wanka. Haka abin yake a jikin mutum. Idan magani ya shiga, yakan kashe mafi yawan ƙwayoyin cutar, amma a cikin miliyoyi ba a rasa 'yan kaɗan da suke da wata dabara ta tsira. Idan maganin bai kai adadin da ya kamata ba, ko jabu ne, ko an sha shi ba tare da bukata ba, waɗannan masu taurin kai su ne suke saura, filin kuma ya zama nasu. Wasu irin bakteriya suna iya ninka yawansu cikin minti 20 zuwa 30. Abin da ya fi muni, suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin, har waɗanda ba danginsu ba, wannan dabara ta tsira.

Akwai wani kuskure da muke so mu gyara a nan. Mukan ji mutum ya ce, "Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini aiki." Ba jikinka ne ya saba ba, ɗan'uwa, ƙwayar cutar ce ta koyi bijire wa maganin. Bambancin yana da girma ƙwarai, gama ƙwayar ba ta zama a jikinka kai kaɗai. Tana fita ta bayan gida, ta bi kwata, ta shiga rijiya, ta hau hannu, ta shiga kwanon abinci. Jaririn maƙwabcinka da bai taɓa shan kafso ba tun da aka haife shi yana iya kamuwa da ƙwayar da ta yi ƙarfi a cikinka. Saboda haka maganin antibayotik kamar rijiyar unguwa yake. Kowa yana ɗiba, idan kuwa mutum ɗaya ya ɓata ta, kowa ne zai sha gurɓataccen ruwa.

Wannan gargaɗi ba sabo ba ne. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya faɗa a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a 1945 cewa idan maganin ya zama na saye a kowane kanti, mutum zai sha abin da bai isa ba, ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya hango shi ne muke gani a kan titunanmu yau.

ABIN YA RIGA YA ISO KANO

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar Turawa ce. Manya a cikinmu suna tuna kulorokwin, mai ɗaci da sa ƙaiƙayi. Shekara da shekaru shi ne maganin zazzaɓin cizon sauro a kowane gida, ga araha ga aiki. A hankali ƙwayar zazzaɓin ta daina jinsa, yara suna sha suna mutuwa, har a 2005 Najeriya ta sauya shi da magungunan haɗi irin su Coartem, waɗanda suka fi shi tsada nesa ba kusa ba. Mun yi asarar magani guda a gaban idonmu, ba mu ma lura da ranar da ya tafi ba.

Ga na kusa. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 annobar mashaƙo ta ɓarke a ƙasar nan, kuma Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, akasarinsu yara. An buɗe wurin jinya na musamman a Asibitin Murtala Muhammad. Tun da daɗewa penisilin yana cikin manyan magungunan wannan cuta. Amma da aka gwada ƙwayoyin da aka ɗebo daga marasa lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da rahoto a 2023 cewa ba sa jin penisilin, yawancinsu kuma ba sa jin irin su Septrin da Cipro. Dole aka dogara ga eritromaisin. Bari mu tambayi kanmu: da shi ma ya ƙi, da ina muka nufa?

Har wa yau, tsakanin 2015 da 2018 an yi wani babban bincike a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya, a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, a kan jariran da cuta ta shiga jininsu a kwanakin farko na haihuwa. Asibitin Murtala yana cikin asibitocin da aka yi aikin. An tarar cewa a cikin babban rukunin ƙwayoyin da suka fi addabar jariran, kusan dukansu ba sa jin ampisilin, fiye da rabi kuma ba sa jin jentamaisin, alhali waɗannan biyun su ne aka saba fara ba jariri da su. Ma'anar wannan ita ce, likita zai yi abin da aka koya masa, uwa ta sayi abin da aka rubuta, jaririn kuma ya ci gaba da shiɗewa, sai an koma ga wani magani mai tsadar da talaka ba ya iya kaiwa.

Masu tarin fuka ma sun san labarin. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, na wata 6. Amma da yawa in sun ji sauƙi a wata na biyu sai su daina zuwa karɓa. Wannan yana cikin abin da ya haifar da tarin fuka mai bijire wa magani, wanda a da jinyarsa takan kai kusan shekara biyu, da allurai masu kurmantar da mutum.

Idan aka dubi duniya gaba ɗaya, wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar mutum miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi tsanani in aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. A Najeriya an ƙiyasta mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 da abin ya shafi mutuwarsu. Ba a rubuta wannan a takardar mutuwa. Abin da muke ji a gidan makoki shi ne, "An yi ta magani, abin ya ƙi."

Kada kuma mu sa rai cewa za a kawo sabon magani gobe. Tun ƙarshen shekarun 1980 sababbin rukunan antibayotik da aka samo 'yan ƙalilan ne, domin kamfanoni ba sa ganin riba a maganin da za a sha na mako guda a daina.

INDA MUKE YIN KUSKURE

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bari mu ambaci namu a fili.

Na fari, mura. Mura da yawancin tari da ciwon maƙogwaro ba bakteriya ke kawo su ba, wata irin ƙwaya ce dabam da ake kira bairos, wadda antibayotik ba ya taɓa ta ko kaɗan. Yaron nan da uwarsa ta kai kyamis, da an ba shi hutu da ruwa da farasitamol, da ya warware a daidai ranar da ya warware. Kafson bai taɓa murar ba. Abin da ya yi shi ne horar da bakteriyan da ke zaune lafiya a cikin hanjinsa.

Na biyu, zawon yara. Yawancinsa ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14 ne maganinsa. Amma mu sai mu kama Flagyl da kafso ja da rawaya, mu ce ai haƙori ne yake fitowa.

Na uku, "maleriya da taifot". Kusan duk wanda ya yi zazzaɓi a garin nan haka ake ce masa. Gwajin Widal da aka fi dogara da shi yakan nuna taifot ko ga wanda ba shi da ita, musamman a wurin da mutane suka sha haɗuwa da ƙwayar. Ta haka dubban mutane suke shan Cipro da allurai ba gaira ba dalili. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka sami taifot da ta bijire wa kusan dukan magungunan da aka saba. Ba ma fatan ganin irinta a nan.

Na huɗu, ɗigon Ampiclox da ake ba jariri sabon haihuwa wai don a wanke masa ciki, da kafson da mata suke sha a kai a kai da sunan maganin sanyi ba tare da gwaji ba, da wanda ake fasawa a barbaɗa a kan miki.

Na biyar, saye rabi, da dainawa da zarar an ji dama, da ba wani ragowar naka, da saye a hannun mai talla wanda ya yini da faranti a ka cikin rana a tashar Unguwa Uku. Zafin rana yana rage ƙarfin magani, wani ma tun asali jabu ne. Waɗanda suka ga zamanin Farfesa Dora Akunyili a hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, suna tuna yawan jabun da aka ƙona.

Na shida, kaji. Gidaje da yawa a cikinmu suna kiwon kaji a bayan ɗaki domin Kirsimeti ko domin kuɗin makaranta. Mukan zuba musu magani a ruwa tun suna 'yan tsaki, ba don suna ciwo ba, sai don kada su yi, ko don su yi saurin girma. A jikin kowane irin maganin an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a ci ƙwai, amma mutum nawa ne suke karantawa? Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ba dabbobi antibayotik don ƙiba tun 2006. Kashin kajin nan kuma shi ne takin da ake kai wa lambu.

TAKARDA A BANGO BA TA ISA BA

Ba za mu ce gwamnati ba ta yi kome ba. Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa a kan wannan matsala a 2017, ta hannun hukumar NCDC tare da ma'aikatun noma da muhalli, ta kuma ƙaddamar da na biyu a 2024 wanda zai kai 2028. A Satumbar 2024 shugabannin duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Kowace shekara kuma, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, ana makon wayar da kai na duniya, wanda ya samo asali a 2015. A nan gida, a Fabrairun 2024 hukumomi sun rufe shagunan magani fiye da dubu a yankin Sabon Gari, suka ce 'yan sari su koma sabuwar cibiyar da ke Dangwauro a kan titin Zariya, domin a san inda kowane magani ya fito.

Duk waɗannan suna da kyau. Amma a gaya mana gaskiya, uwar nan mai ɗari biyar ta taɓa jin labarin makon Nuwamba? Yawancin abin da ake yi taro ne a otal, da tattaki da riguna iri ɗaya, da takardu cikin Turanci da ake mannawa a bangon asibiti, inda waɗanda suka riga suka sani ne suke karantawa. Shawarar sayen kafso kuwa a tsakar gida ake yanke ta, da bakin kaka, ko maƙwabciya, ko maigida da ya dawo a gajiye.

Kano ta riga ta koya wa duniya yadda ake sauya irin wannan shawara, a yaƙin shan inna. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin a jihar nan saboda rashin yarda, ba a dawo da shi ba sai a 2004. Sanarwar rediyo kaɗai ba ta sauya zukata ba. Abin da ya yi aiki shi ne lokacin da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai suka ɗauki maganar ta zama tasu, aka kuma ɗauki matan unguwa, waɗanda aka sani aka yarda da su, suna shiga gida-gida suna zama a tabarma ɗaya da iyaye mata. Aikin bai zo da sauƙi ba, har rayuka sun salwanta, gama a Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi a cikin birnin nan. Duk da haka ba a fasa ba. Yaro na ƙarshe da ya kamu da ainihin ƙwayar shan inna a Jihar Kano an same shi a Sumaila a Yulin 2014, a Agustan 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da ita.

A wasu ƙasashe ma an gwada an gani. Faransa ta fara kamfe a 2002 da saƙo guda, cewa ba kowane ciwo ne yake bukatar antibayotik ba, ta yi ta maimaita shi kowane lokacin sanyi. Cikin shekara biyar rubuta maganin ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A Tailan, daga 2007, sun zaɓi abu uku kawai, mura, zawo da ƙaramin rauni, suka koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci da 'yan sa kai na ƙauye cewa waɗannan yawanci ba sa bukatar kafso. Darasin a fili yake: saƙo ya zama gajere, a yi ta maimaita shi, ya kuma fito daga bakin wanda aka yarda da shi.

AMMA TALAKA YA YI YAYA?

Mun san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiya. "Kuna cewa a je asibiti. Ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a bakin ƙofarmu, amma kun san kuɗin kati da na gwaji, kun san layi? Ranar da na yini a can, wa zai ciyar da gidana?" Ba za mu raina wannan magana ba. Mutane ba don wauta suke zuwa kyamis ba, sai don shi ne a kusa, shi ne yake buɗe da dare, shi ne kuma yake ba da bashi. Bugu da ƙari, a ƙasar nan yara da yawa suna mutuwa ne don ba su sami antibayotik a kan lokaci ba. Kamfen da zai tsorata uwa har ta ƙi ba ɗanta maganin ciwon huhu ya yi ɓarna, bai yi gyara ba.

Saboda haka saƙonmu ba "kada a sha" ba ne. Saƙon shi ne a sha lokacin da ake bukata, irin da ya dace, adadin da ma'aikacin lafiya ya faɗa, na kwanakin da ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Babban asibiti kuwa na manyan matsaloli ne, akwai ƙananan asibitocin shan magani na unguwa da suka fi kusa da araha, inda gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini ɗaya ba ya wuce minti 20. Mu kuma lissafta da kyau: kafson da aka saya wa mura asarar kuɗi ce tsantsa, kuɗin da za a iya sayen ƙwai ko lemo da shi. Ranar da cutar ta ƙi jin magani mai araha kuwa, kwanciyar asibiti ta mako biyu tana iya cinye jarin gida gaba ɗaya.

Mai kyamis ma ba abokin gaba ba ne. Doka ta ce yawancin waɗannan magunguna sai da takardar likita, ya sani. Amma in ya hana ka, za ka tafi shago na gaba, shi ya yi asarar ciniki. Muddin mu masu saye muna matsa masa, ba zai daina ba. Dole a jawo shi cikin tafiyar.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Wani zai ce, mu 'yan kaɗan ne a unguwannin nan, wa zai saurare mu? Amsarmu ita ce, muna da abin da masu shirya kamfe suke kashe kuɗi su nema. Muna taruwa kowane mako ba tare da an kira mu da mota mai lasifika ba. Muna da zumuntar mata da ƙungiyar matasa da makarantar Lahadi. A cikinmu akwai nas-nas da ungozoma da masu aikin gwaji da malaman makaranta. Ga abin da muke ganin za mu iya:

1. Mu fara da gidajenmu. Kowace uwa ta zazzage kwanon magani a makon nan. Ragowar kafso da sirof ɗin da aka buɗe tun bara kada a ba kowa, kada kuma a zuba a kwata. A tattara a kai wa ma'aikacin lafiya na ikkilisiya ya san yadda za a yi da su.

2. Dattawa su ba ma'aikatan lafiyarmu minti biyar a lokacin sanarwa, sau ɗaya a wata, cikin Hausa da kowane harshe da jama'a suke ji. Abu uku kawai za a riƙa maimaitawa: mura ba ta bukatar kafso, zawon yaro ORS da zinc, zazzaɓi a gwada kafin a sha.

3. Tare da wannan, a koya wa kowace uwa alamun haɗari da ba a jira da su: numfashi da sauri ko faɗawar haƙarƙari, jijjiga, ƙin kama nono, jini a bayan gida, sanƙarewar wuya, kumburin wuya tare da wahalar haɗiya, da kowane zazzaɓi a jikin jariri ɗan ƙasa da wata biyu. Waɗannan asibiti ne kai tsaye, ko da tsakar dare.

4. Asusun taimakon marasa lafiya da yawancin ikkilisiyoyinmu suke da shi, a ware wani abu a ciki domin kuɗin gwaji da kuma cika wa mabukaci maganinsa, don kada ya sayi rabi.

5. Shugabanninmu su je su gai da mai unguwa, su kai masa maganar, su roƙe shi ya kira zama da limaman unguwa, da shugabannin makarantun Islamiyya, da masu kyamis, da kwamitin lafiya na mazaɓa. Kada mu je kamar masu koyarwa, mu je kamar maƙwabta da suke shan ruwan rijiya ɗaya. Kada kuma a haɗa wannan aiki da wani abu dabam, domin kada a yi mana mummunar fahimta. Ƙwayar cuta ba ta tambayar inda mutum yake sujada kafin ta kama shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. A zaman nan a nemi masu kyamis na Babban Giji da Gyadi-Gyadi su yi yarjejeniya a tsakaninsu, cewa ba wanda zai ƙara sayar da kafso biyu ko uku a leda, ba kuma wanda zai sa antibayotik a haɗin mura. In duka suka yarda, ba wanda zai ji tsoron maƙwabcinsa zai ƙwace masa ciniki. Mu kuma mu riƙa saye a wurin waɗanda suka cika alkawari.

7. Masu kiwon kaji, da masu sayar da su a kasuwar Tarauni, a gayyato musu likitan dabbobi ya yi bayani a kan rigakafi da tsabtar keji da kwanakin jira kafin yanka.

8. Rigakafi ya fi magani. Yawancin yaran da mashaƙo ya kama ba su cika allurarsu ba. Kowace zumuntar mata ta duba katin rigakafin yaran membobinta. Mu kula da wanke hannu da sabulu, da tafasa ruwan sha, da yashe kwata, gama cutar da ba a kamu da ita ba ba ta bukatar kafso.

Kada mu jira Nuwamba kafin mu fara. In mun fara yanzu, makon nan na Nuwamba zai zama lokacin da za mu zauna da maƙwabtanmu mu duba abin da muka yi da abin da ya rage.

'Yan'uwa, iyayenmu sun ga zamanin da ƙaramin miki ko zazzaɓin bayan haihuwa yake kai mutum kabari, suka kuma ga zuwan magungunan da suka kawar da wannan tsoro. Mun karɓe su a hannunsu suna aiki. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko jikokinmu za su same su suna aiki. Mun riga mun rasa kulorokwin, penisilin kuma ya kasa a gaban mashaƙo a cikin garinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, balle wannan wutar a gidanmu take.

Muna roƙon kowace ikkilisiya da ta fara wani abu ta aiko mana da labari, domin mu buga a fitowa ta gaba, wasu su koya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu, ya kuma ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.